Kwana Biyu a Fagagen Yaƙin 'Yancin Amurka: Yadda Za Ka Bi Sawun 1775 Daga Lexington Zuwa Boston

Yaƙin da Amurka ta yi da Ingila don ƙwatar 'yancin kanta ya ɗauki shekara 8, daga 1775 zuwa 1783, kuma filayen dagarsa a warwatse suke. Saratoga, inda rundunar Ingila ta miƙa wuya a 1777, tana jihar New York. Yorktown, inda aka yi babban karo na ƙarshe a 1781, tana can Virginia, kusan kilomita 1,000 daga Boston. Wanda ya ce zai haɗa su duka a hutun Asabar da Lahadi, a kan titi zai ƙare, kwalta kawai zai gani. Shawarata ita ce ka ɗauki yanki ɗaya ka ci shi da ƙafa, kana bin abubuwan daki-daki yadda suka faru. Kuma in za a zaɓi yanki ɗaya, Boston da kewayenta ne suka fi dacewa da mai kwana biyu. A nan aka fara harbi, a nan aka yi babban karo na farko, a nan kuma aka fara korar sojan Sarkin Ingila daga wani gari, duk a cikin tazarar da ba ta fi kilomita 30 ba.

Kafin ka ɗaure kaya

Fara da zaɓen lokaci. Daga Mayu zuwa Oktoba ne gidajen tarihi da ofisoshin karɓar baƙi suke a buɗe sosai. Da yawansu kan rufe ko su rage sa'o'i idan sanyi ya shigo. Oktoba ta fi kyan gani domin ganyaye sun rine ja da rawaya, sai dai kuɗin masauki yakan hau. Akwai kuma Litinin ta uku a watan Afrilu, ranar hutun da jihar Massachusetts ke tunawa da wannan yaƙi. A wannan ƙarshen makon ake kwaikwayon faɗan Lexington tun da asuba, da jajayen riguna da hayaƙin albarushi. Abin kallo ne, amma a ranar ake gudun fanfalaki na Boston, gari ya cika maƙil, ɗaki ya yi tsada. In zuwan farko ne, ka bar wannan makon.

Sai ka sauke manhajar hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa, NPS, a wayarka, ka ajiye shafin Minute Man National Historical Park da na Boston National Historical Park yadda za su buɗu ko babu intanet. Shiga waɗannan filaye kyauta ne. Gidajen da ƙungiyoyin gari ke riƙe da su, irin Buckman Tavern da gidan Paul Revere, su ne ake biya. Ka duba sa'o'in buɗewa kwana ɗaya kafin ka tashi, musamman in ana takaddamar kasafin kuɗi a Washington, domin idan gwamnatin tarayya ta tsaya cik, ofisoshinta na baƙi ma rufewa suke yi.

Abu na uku, wanda na fi jaddadawa: nemi taswirar Boston ta 1775 ka riƙe ta tare da ta yau. A wancan zamani Boston kusan tsibiri ce, wani siririn wuyan ƙasa ne kawai ya haɗa ta da tudu. Unguwanni da dama da za ka taka, irin Back Bay, ruwa ne aka cike a ƙarni na 19. In ba ka da tsohuwar taswira, ba za ka gane dalilin da ya sa sojojin Ingila suka shiga kwale-kwale a bakin Boston Common, babban filin shaƙatawa na tsakiyar gari, ba, tunda yau titi da benaye ne a wurin.

Batun abin hawa kuwa, ranar Asabar mota ta fi sauƙi, ko ta haya ce. Ranar Lahadi kada ka shiga tsakiyar Boston da mota, wurin ajiyewa zai cinye maka kuɗi da lokaci. Mara mota zai iya hawa jirgin ƙasa na layin Fitchburg daga North Station zuwa Concord, tafiyar kamar minti 40, akwai ma tikitin ƙarshen mako na dala 10 da ake hawa da shi iya son rai. Lexington ba ta da jirgi. Sai dai ka bi jan layin ƙarƙashin ƙasa zuwa Alewife ka kama bas, ko ka hau keke ta hanyar kekuna da ta bi ta Arlington ta shiga Lexington. Bas ɗin yakan yi ƙaranci a ƙarshen mako, saboda haka ka ga jadawalinsa da idonka.

A jaka ka sa takalmin tafiya, ruwa, guzuri, rigar ruwa mara nauyi, da darduma. Ka sa dogon wando da safa, domin ciyayin yankin akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme. In ka koma masauki ka duba jikinka da na yara.

Yammacin Jumma'a: ka san abin da ya kawo rigimar

In ka iso da wuri, babban masallacin Roxbury, ISBCC, yana dab da tashar Roxbury Crossing a kan layin jirgin cikin gari mai launin ruwan lemo, kuma a kewayensa za ka samu abincin halal. Daga nan ka wuce unguwar North End kafin duhu.

Ga labarin a taƙaice. Bayan Ingila ta gama yaƙi da Faransa a 1763 bashi ya yi mata katutu, sai majalisarta ta shiga ɗora haraji a kan mutanen yankunanta na Amurka, su kuwa suka ce ba mai ɗora musu haraji a majalisar da ba su da wakili. A Maris 1770 sojoji suka harbe mutum 5 a tsakiyar Boston. A Disamba 1773 mutanen gari suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a cikin teku. Ingila ta rufe tashar jiragen ruwan Boston, ta naɗa Janar Thomas Gage gwamna. Ƙauyuka suka fara tara albarushi da igwa, wani kaso mai yawa a Concord. Daren 18 ga Afrilu 1775 Gage ya tura soja kusan 700 su je su lalata kayan.

Ka tsaya a gaban cocin Old North ka ɗaga kai. Daga wannan hasumiya aka nuna fitila biyu a daren, alamar cewa sojoji ta ruwa za su ƙetara. Paul Revere ya haye kogi zuwa Charlestown ya hau doki, William Dawes kuma ya fita ta wuyan ƙasar nan ya bi ta Roxbury, dukansu don su kai gargaɗi Lexington da Concord cewa sojoji na tafe. Sannan ka ɗan hau gaba zuwa maƙabartar Copp's Hill ka leƙa tsallaken ruwa. Doguwar hasumiyar dutse da kake hangowa, can za ka je ranar Lahadi. Ka kwanta da wuri.

Asabar: Lexington da sassafe

Ka yi ƙoƙari ka isa filin Lexington kafin ƙarfe 8, gari bai gama tashi ba. Ƙaramin fili ne mai kusurwa uku, kana iya zagaye shi cikin minti 10, kuma ƙanƙantarsa ce darasin farko. A nan Kyaftin John Parker, manomi mai fama da tarin fuka, ya jera mutum kusan 77 da asuba, sai ga sahun gaba na sojan Sarki a ƙarƙashin Manjo John Pitcairn. Parker ya ga ba ƙarfi ɗaya ba, ya ce a watse. Ana cikin watsewa wani ya harba, har yau kuma masana ba su tsayar da wanda ya fara ba. Kafin a tsawatar wa sojojin, mutanen Lexington 8 sun mutu, 10 sun ji rauni.

Akwai dutse da ke nuna inda sahun Parker ya tsaya. Ka tsaya a wurin ka fuskanci inda hanyar Boston ta ɓullo, ka auna tazarar da ido. Bindigogin lokacin irin na mafarautanmu ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, gwani ne ke harbi uku a minti, kuma ba sa saiti daga nesa. Shi ya sa ake jeruwa sahu-sahu a matso kusa. Mutanen nan suna ganin fuskokin juna.

A gefen filin akwai ginshiƙin tunawa na 1799, ƙarƙashinsa mutum 7 daga cikin 8 ɗin suke kwance. Tsallaken titi Buckman Tavern ne, masaukin da mayaƙan suka zauna jiran tsammani cikin dare. Kada ka wuce ba ka nemi wani ƙaramin dutse da ke harabarsa ba, mai ɗauke da sunan Prince Estabrook. Bawa ne baƙar fata, yana cikin sahun, an harbe shi a kafaɗa a safiyar. Ya zubar da jini don 'yancin garin da shi kansa mallakar wani ne a cikinsa, ya ci gaba da yaƙi har ƙarshe, sannan ya samu nasa 'yancin. In da yara kuka je, a gaban wannan dutse ya kamata a fi daɗewa.

Awa ɗaya da rabi ta isa Lexington. A kan hanyar Concord, titi mai lamba 2A, ka tsaya a ofishin baƙi na Minute Man ka karɓi taswirar takarda, ka kalli ɗan gajeren nunin da suke yi, ka yi alwala tunda akwai banɗaki. Gaba kaɗan akwai wurin da 'yan sintirin Ingila suka cafke Revere. Bai taɓa isa Concord a daren ba. Wani matashin likita, Samuel Prescott, da suka haɗu da shi a hanya, shi ya tsallake katanga da doki ya kai saƙon.

Gadar Arewa a Concord

Yawancin baƙi daga wurin ajiye motoci suke gangarowa kai tsaye kan gada, su ɗauki hoto su juya. Kai ka fara daga sama, daga ofishin baƙi na North Bridge da ke kan tudu a tsallaken kogi, domin a wannan tudu mayaƙan ƙauyuka kusan 400 suka taru suna kallon abin da ke faruwa. Sojoji ƙasa da 100 ne ke gadin gadar, wasu sun wuce gonar Kanar James Barrett neman makamai, waɗanda an riga an kwashe yawancinsu. Sai hayaƙi ya tashi daga cikin gari. Katakon ɗora igwa ne sojoji ke ƙonawa, amma daga tudun mutane suka ɗauka gidajensu ne ke ci.

Yanzu ka gangara ta hanyar da suka gangara, a hankali. Za ka ga yadda hanyar ta lanƙwasa ta bi gefen kogi, yadda doguwar jerin mutanen da ke saukowa take iya ganin gadar gaba ɗaya, alhali sojojin da suka ja baya zuwa ɗaya bakin sun cunkushe a matsattsen wuri, na gaba kaɗai ke iya harbi. Sojoji suka buɗe wuta, Kyaftin Isaac Davis da Abner Hosmer na garin Acton suka faɗi. Manjo John Buttrick ya ba da umarnin a rama. Wannan ne karo na farko da aka umarci mutanen yankin su harbi sojan Sarkinsu, laifin da hukuncinsa rataya ne. Faɗan bai fi 'yan mintoci ba, sojoji suka juya da gudu.

Gadar da kake takawa ba ta asali ba ce, an gina ta a 1956. Mutum-mutumin manomi riƙe da bindiga, garma a gefensa, aikin Daniel Chester French ne na 1875. A ɗaya bakin, jikin katangar duwatsu, akwai kabarin sojan Ingila biyu da suka mutu a nan, sau da yawa za ka tarar an ajiye musu furanni. Kuma kusa da wurin ajiye motoci akwai wani ɗan gida da ake kira Robbins House, na iyalan Caesar Robbins, wanda aka bautar, ya kuma yi aikin soja a wannan yaƙi. Ƙafa kaɗan ce daga gada, amma mutane kaɗan ke shiga.

Ka ci abincin rana a cikin Concord, ko ka baje guzurinka a ciyawar tudun. Gidan tarihin garin yana riƙe da ɗaya daga cikin fitilun nan biyu, in kana da rabin awa.

Hanyar komawa, inda ainihin yaƙin ya faru

Wannan ce zuciyar tafiyar, a nan za ka zuba sa'o'inka. Lexington da gada ƙananan faɗa ne. Abin da ya girgiza Ingila shi ne abin da ya samu rundunarta a kan hanyar komawa Boston, bayan mutanen sun kwana tafe ba barci. An adana kilomita 8 na wannan hanya, ana kiranta Battle Road Trail, daga Meriam's Corner zuwa Fiske Hill. Ka bi ta daga yamma zuwa gabas, yadda sojojin suka bi.

Matsala ɗaya: hanyar miƙaƙƙiya ce, ba ta zagayowa. In kun zo da mota biyu, ku ajiye ɗaya a kowane ƙarshe. In ɗaya ce, ko dai ka kira motar haya ta Uber ta mayar da kai, ko ka yanka tafiyar gida uku, tunda akwai wuraren ajiye mota a kan 2A.

Meriam's Corner na farko. A nan akwai ƙaramar gada a kan rafi. Sojojin da ke tafiya a gefe suna kare rundunar dole suka matso cikin hanya don su haye, gefe ya buɗe, mayaƙan da suka iso daga ƙauyukan arewa suka samu dama daga bayan gine-ginen gonar Meriam. Daga nan wuta ba ta sake tsayawa ba.

Na biyu, ka ajiye mota kusa da Hartwell Tavern ka taka yamma zuwa Elm Brook Hill, inda hanya ta yi kwana mai kaifi sau biyu. Tsaya a tsakiyar hanyar ƙasar, katangun duwatsu dama da hagu, tsayinsu bai fi ƙugu ba, gansakuka ta lulluɓe su. Ka duba yadda mai tafiya a kan hanya dole ya bi kwanar, alhali wanda ya san gona zai yanke ta cikin fili ya riga shi. Haka aka yi, aka sa rundunar a tsakiya. Ka tuna dai cewa a 1775 yawancin wurin gonaki ne da makiyaya a buɗe, dajin da kake gani daga baya ya tsiro. A watannin ɗumi ma'aikata sanye da tufafin zamanin kan nuna yadda ake ɗura bindiga a Hartwell, ka tambayi lokacin tun da safe.

Na uku, kusa da ofishin baƙi, wani tudu mai duwatsu da ake kira Parker's Revenge. Kyaftin Parker ɗin nan da aka kashe wa mutane da asuba, ya sake tattara ragowar ya yi kwanton ɓauna a nan da rana. Masu binciken ƙasa sun tono harsasan dalma a wurin, da su aka gane inda kowane ɓangare ya tsaya. Wannan ya kawo ni ga doka: haramun ne ka shiga waɗannan filaye da na'urar neman ƙarfe, ko ka tona, ko ka ɗauki wani abu. Laifin tarayya ne, kuma harsashin da aka ɗauke daga mazauninsa ya daina ba da labari.

Da rundunar ta kai Lexington ta kusa tarwatsewa. Abin da ya cece ta shi ne Janar Hugh Percy da ya iso da ƙarin soja kusan 1,000 da igwa biyu. In rana ba ta faɗi ba, ka bi titin Massachusetts Avenue ka tsaya a Arlington, wadda a da ake kira Menotomy. A nan aka yi faɗa mafi muni, gida-gida, har da wuƙar bakin bindiga. Gidan Jason Russell yana nan da ramukan harsashi a jikin katakonsa. A tsakiyar garin kuma akwai dutsen Samuel Whittemore, dattijo mai kusan shekara 80 da aka harba aka sossoke aka bar shi a matacce, ya tashi ya ƙara shekara 18 a duniya. Lissafin ranar: Ingila ta rasa mutum 73, jimillar matattu da masu rauni da ɓatattu 273. Mutanen yankin sun rasa 49.

Lahadi: Bunker Hill da tudun da ya kawo ƙarshen ƙawanya

Washegarin wannan faɗa dubban mayaƙa suka yi wa Boston ƙawanya. Ka fara safiyar Lahadi a Boston Common ka bi jan layin bulo da aka shimfiɗa a ƙasa, Freedom Trail, kilomita 4 da wurare 16. Kada ka ce sai ka shiga kowanne. Biyu sun isa a hanya: maƙabartar Granary, inda Revere da Samuel Adams, ɗaya daga jagororin adawa da Ingila, da Crispus Attucks suke, shi Attucks ɗin jinin Afirka da 'yan asalin ƙasar ne, yana cikin biyar ɗin da aka harbe a 1770, sai Old State House, inda abin ya faru. Daga nan ka haye gada zuwa Charlestown. Wanda ƙafa ta gaji daga jiya ya hau layin ruwan lemo ya sauka a Community College.

Daren 16 ga Yuni 1775 Kanar William Prescott na ɓangaren masu ƙawanya da mutum kusan 1,200 suka haƙa ganuwar ƙasa a kan Breed's Hill, tudun da ya fi Bunker Hill kusa da Boston, ko da yake sunan Bunker ne ya bi yaƙin. Gari na wayewa jiragen yaƙin Ingila suka fara luguden wuta, igwar Copp's Hill ta cinna wa garin Charlestown wuta. Janar William Howe na Ingila ya hau tudun sau biyu ana mayar da shi da gawarwaki. A na uku albarushin masu ganuwa ya ƙare, aka ci su. Ingila ta karɓi tudun, amma da asarar mutum 1,054 tsakanin matattu da masu rauni, kusan rabin waɗanda ta tura. A ɗaya ɓangaren kusan 450 ne, cikinsu da Dakta Joseph Warren, jagoran siyasar yankin da ya zaɓi ya yi yaƙi a matsayin ƙaramin soja. Pitcairn na Lexington ma a nan ya gamu da ajalinsa. Wani soja baƙar fata daga cikin masu ganuwa, Salem Poor, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya yi bajintar da hafsoshi 14 suka sa hannu a takardar yaba masa.

Yau gidaje sun kewaye wurin, filin da ya rage ƙarami ne, don haka ka fara shiga gidan tarihin da ke tsallaken titi ka ga ƙirar filin dagar. Nan za ka gane shingen da John Stark da mutanensa suka riƙe har bakin kogin Mystic, wanda ya hana Howe zagayowa ta baya. Sannan ka hau hasumiyar: mita 67, matakala 294, ba lifta, matsattsiya ce kuma tana murɗawa. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya haƙura, kuma akan rufe ta in zafi ko ƙanƙara ta yi yawa. Daga tagogin sama ka buɗe tsohuwar taswirarka ka nemi inda ruwa yake a da.

Bayan Azahar, in jirginka na dare ne, ka ƙarasa da Dorchester Heights a South Boston, jan layi zuwa Broadway ko Andrew sannan tafiyar kamar minti 20 mai hawa. George Washington ya karɓi jagorancin rundunar masu ƙawanya a Cambridge a Yuli 1775, amma ba shi da manyan bindigogi. Henry Knox, mai sayar da littattafai, ya jawo igwa 59 daga sansanin Ticonderoga, kusan kilomita 480, a kan dusar ƙanƙara. Daren 4 ga Maris 1776 aka hau da su wannan tudu. Tsaya a saman ka dubi gari da tashar jiragen ruwa a ƙarƙashinka, za ka ga abin da Howe ya gani da safe: duk jirgin da ke tashar yana bakin igwa. Ranar 17 ga Maris ya kwashe sojojinsa da fararen hula sama da 1,000 masu goyon bayan Sarki suka nufi Halifax, bayan ƙawanyar wata 11.

Daga can zuwa filin jirgin Logan, ka koma jan layi zuwa South Station ka kama bas ɗin SL1, ka ba kanka awa ɗaya cif ban da lokacin bincike, domin yammacin Lahadi ramin da ke ƙarƙashin ruwa yakan cushe.